Azumin da Jirgin Ma'u Ya Tashi a Sito

Jiya da azahar wuta ta ɗauke, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Ina kwance a kan siminti, yara suna makaranta, azumi ya kai inda ya kai. Ɗakin ya yi tsit, ko labule ba ya motsi. Da wata ce sai ta tashi ta buɗe taga. Ni kuwa sai na ji ina cewa a raina, yau da Ma'u tana nan da ta ce iska ta yi kyau. A duk Garwa ita kaɗai na sani da take murna idan iska ta mutu.

Ni ba mai dogon karatu ba ce, a aji huɗu na tsaya. Abin da zan rubuta yadda idona ya gani ne.

Shekara takwas ke nan ko tara. Azumin wannan shekarar ya faɗo a bakin damina, lokacin da hadari yake haɗuwa kullum da la'asar ya yi ta gurnani, sannan ya watse bai ba da ko ɗigo ba. Zafin bana mai ƙuna ne, amma busasshe. Na wancan lokacin jiƙaƙƙe ne, zane yana manne maka a jiki tun hantsi, ruwan randa ma sai ka ji kamar an ɗumama shi. Ina goyon 'yata ta fari, Sadiya, tana wata takwas, ta fara rarrafe. Kwana ɗaya in yi azumi, kwana biyu in sha, don nono yana ƙafewa, ni kuma da na ga ta tsotsa ta saki tana kuka sai hankalina ya tashi.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da Sadiya, da ƙanwarsa Asma'u da muke kira Ma'u. Mahaifiyarsu tana Meiganga, ita ta aiko ta wurinmu don ta yi lise, wato sakandare. Shekararta goma sha biyar, siririya, baki kamar reza. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne. Kakansu daga Kano ya zo da fatauci, mahaifinsu ya gina sito babba a bayan kasuwa, shi kuma ya gada.

Ana saura kwana kaɗan a kama azumi na shiga ɗakin Ma'u da tsintsiya, na tarar da wasu tsinkaye a jere a kan tabarma.

Ta ce, "Anti, don girman Allah kar ki share wannan."

Na ce, "Waɗannan? Na ɗauka sakace kika tara na bayan salla."

"Jirgin sama ne."

"To madalla. Allah ya kai mu Makka a cikinsa. Ki ajiye mini kujerar taga."

"Ke da nauyinki? Ko ɗankunnenki ba zai ɗauka ba."

Ta zauna ta yi mini bayani. Gasa ce ta 'yan kimiyya tsakanin makarantun gari, su suna ce mata konkur. A cikin babban ɗaki ake yi, a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka. Jirgin ba inji ba batir. Roba ce doguwa ake murɗawa, idan tana warwarewa sai ta juya farfela. Ba wanda ya fi gudu ake nema ba, wanda ya fi daɗewa a sama shi ne ya ci. Malamarsu, da suke kira Madam, ta raba su uku-uku, ta ba kowane rukuni 'yan sillayen wani katako mara nauyi da roba guda ɗaya tak. Sauran kuma kowa ya nemo. A rukuninsu Ma'u ce mai ƙerawa.

Haka muka shiga azumin. Da safe ta tafi makaranta, maigida ya ɗauki makullin sito ya fita. Da rana ta dawo leɓɓanta sun bushe, ko hijabi ba ta gama cirewa sai ta zauna a kan tabarmar nan. Ni ina surfe a tsakar gida, ita tana kankare katako da reza, a hankali, har ya koma kamar tsinken tsintsiya. Fiffiken da leda ta rufe shi, irin shara-sharar nan da ake ɗaura gyaɗa, bayan ta murje ta a tafin hannu ta yi laushi. Idan za ta manna ba ta numfashi, don numfashinta ma yana ture shi. Na taɓa ɗora fiffike ɗaya a tafina, wallahi da idona a rufe yake da na ce babu komai.

Ni dai tsorona reza da gam. Sadiya duk abin da ta gani baki. Sau nawa na ɗauke ta daga bakin ƙofar Ma'u ina faɗa. Robar kuwa, Madam ta ce zafi yana kashe ta, kuma idan ta tsinke babu wata. Sai na saka ta a gwangwanin madara na binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Kullum idan na je ɗiban ruwa sai na taɓa murfin in ji yana nan.

A wannan azumin ne abinci ya fara ja da baya a gidan. Daminar bara ta gajarta, masakwa, dawar rani, ma ba ta yi ba, tsohon hatsi yana ƙarewa, sabo ko shuka ba a yi ba. Kowa a unguwa yana kuka. Kunun gyaɗa ya koma na tsamiya, sukari ya koma na ɗanɗano. Ƙosai da nake soya kwano guda ya zama na ƙirge. Abin da ya rufa mana asiri ragowar mangwaro ne, shi kam a lokacin ko almuru ka fita za ka samu da araha.

Amma namu ya fi na unguwa, kuma ni kaɗai na lura. Da, rabin buhu ake kawo mana daga sito a amalanke. Yanzu maigida ne yake shigowa da yamma da 'yar leda a hannu, kuma ƙullin bakin ledar irin na mata masu awo ne a bakin kasuwa. Mai sito ba ya sayen awo. Sannan idan ina wanki sai in riƙa tsintar buntun shinkafa, ɓawonta ke nan, a aljihunsa da wuyan rigarsa. Shi kuwa gyararriyar shinkafa yake sayarwa, wadda ba ta da ɓawo. Na haɗa wannan da wannan, na yi shiru. Ba a koya mini in tambayi namiji abin da ya rufe ba.

Ranar goma ga azumi jirgin ya haɗu. Ma'u ta gwada shi a ɗaki, kafin ka ce kwabo ya daki rufi ya faɗo. Ɗakunanmu gajeru ne. Washegari aka yi ruwan farko, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da yake sa mai azumi ya haɗiye yawu, shinge mai fiffike ya cika tsakar gida. Da gari ya lafa ta ce bari ta gwada a waje. Ni ban ji wata iska ba. Amma tana sakinsa wani abu ya ɗauke shi sama, ya kai shi cikin bishiyar dogon yaro ta maƙwabta. Da aka zaƙulo shi da gora, fiffike ɗaya ya karye gida uku.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Katakon Madam kuma ya ƙare.

Ni kakata mai saƙar faifai ce, tun ina ƙarama na iya tsaga. Na zaro busasshen kara daga dangar bayan gida, na fere ɓawonsa, na yi ta tsagawa ina kankarewa har ya kai sirantar nata. Na kai mata guda shida. Ta ɗaga ɗaya ta lanƙwasa, ta sake lanƙwasawa.

Ta ce, "Anti, ashe kina da amfani."

Na ce, "Ki faɗa wa yayanki, shi bai sani ba."

Ta gyara fiffiken cikin kwana uku. Sai dai matsalar tana nan. Jirgin nan sai an yi ta gwada shi ana gyara, a ɗan karkata jela, a ɗan matsar da fiffike, har ya koyi zagaye. Babban ɗakin makaranta kuwa an jera tebura a ciki don jarrabawa, ba za a buɗe ba sai ranar gasa. Wasu yaran sun samu garejin iyayensu, wasu zauren coci. Ma'u ba ta da ko'ina.

Ana shan ruwa ta ce, "Yaya, ka ara mini sito ranar Lahadi. Rufinsa yana da tsawo, kuma ba taga."

Ya ajiye ludayin kunu. Ya ce, "Sito cike yake."

"Ko lungu ɗaya?"

"Har rufi. Ina za ki samu wuri?"

"To in gani mana, wataƙila ta saman buhuna..."

"Asma'u, na ce cike yake."

Bai taɓa kiran cikakken sunanta ba sai ransa ya ɓaci. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Kwana biyu ina juya maganar. In na yi shiru, aikin yarinyar nan na sati uku ya tashi a banza, ta je gaban mutane da jirgin da bai taɓa zagaye ba. In na yi magana, na yaye wa mijina zanen da yake ta riƙewa da hannu biyu. Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, Ma'u ba ta nan, na kawo masa ruwa ya zuba a kai don zafi. Ina tsaye da butar na ce, "Baban Sadiya, buntu yana da wuyar fita a wanki."

Ruwa yana ɗiga daga gemunsa, bai ɗago ba. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun farkon azumi."

"Ma'u ta sani?"

"Ba daga bakina ba."

Sai ya faɗa mini. Duk abin da yake da shi ya zuba a shinkafar Yagwa, mota guda, yana jiran tsadar bakin damina. Motar ta kife a wani mayo, wato kogi, a hanya, abin da aka tsamo ko kaji sai da lallashi. Shi ne ya sayi buntu a wurin masu inji, ya cika buhuna, ya jera su layi biyu a bakin ƙofar sito har sama. Duk wanda ya wuce ya leƙa sai ya ga kaya. Kullum ya buɗe ƙofa, ya shimfiɗa buzu, ya zauna da 'yan buhuna uku na gaske a gabansa.

Ya ce, "Sunan Baba ne a ƙofar nan. Ɗan kasuwa in aka san sitonsa fanko ne, ko sallama ba a tsayawa a yi masa."

Na ce, "Ni ban ce ka yi komai ba. Na dai ga yarinyar tana kankare kara da azumi a bakinta."

Ya tashi ya shige ɗaki. Asabar ma bai tayar da maganar ba, har na fara cizon yatsa. Ranar Lahadi da hantsi ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa makulli, ya ce, "Ku sa mayafi. Ke kuma ɗauko abin naki."

Ma'u ta saka jirgin a kwalin taliya ta rungume, ko mashin ta ƙi hawa, wai girgiza. Da ƙafa muka je, ni da goyo. Layin sitocin ba kowa, Lahadi ce. Ya buɗe, muka bi ta wani ɗan tsukin da ya bari a gefen buhunan, ya mayar da ƙofa ya rufe.

Ban taɓa shiga ba sai ran nan. Bayan buhunan babu komai sai fili, dogo, ƙasa a share. Rufin kwano can sama, rana tana shigowa ta hudojin ƙusa kamar zare. Warin tsohon hatsi da kashin ɓera. Zafin ciki kuwa kamar an kifa maka tukunya.

Ma'u ta tsaya. Ta dafa buhu ɗaya, hannunta ya nutse a ciki. Ta dubi hannun, ta dubi yayanta. Shi yana kallon ƙasa. Ni kuwa na san bakinta.

Sai ta zare zare ɗaya daga gefen hijabinta, ta ɗaga shi sama da yatsa biyu. Zaren ya rataye, bai motsa ba.

Ta ce, "Yaya, ko ɗakin lise bai kai nan kyau ba. Riƙe mini nan."

Ta ba shi ya riƙe jirgin ta hanci, ita tana murɗa robar tana ƙirgawa da Faransanci. Ta ce kowa ya tsaya inda yake, wanda zai yi tafiya ya yi ta kamar mai ɗauke da cikakken kwanon miya. Gwaji na farko ya karkata ya daki bango. Ta hura wa jelar numfashi ta ɗan lanƙwasa. Na biyu ya ɗaga hanci ya tsaya cak, ya faɗo ta baya. Ta matsar da fiffike gaba ko baya, ban sani ba, abin bai kai faɗin farce ba. Gumi yana zuba daga haɓarta, tana kauda kai don kar ya ɗiga a ledar. Ni na fara jin jiri, na zauna a ƙasa na ba Sadiya nono.

Na biyar ne ya tashi.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na ɗauka jirgi gudu yake yi. Wannan tafiyar tsohuwa yake yi mai dawowa daga rijiya. Farfelar tana juyawa a hankali har kana iya bin ta da ido. Ya hau, ya karkata hagu, ya zagaya, ya sake hawa. Duk lokacin da ya ratsa zaren ranar nan sai ledar ta yi walƙiya, ya shige duhu, ya sake fitowa. Ba ƙara ko kaɗan. Sadiya ta saki nono ta bi shi da ido. Maigidana, da aka ba shi aikin duba agogon waya, ya manta da wayar a hannunsa, bakinsa a buɗe. Karan dangata ne a can sama kusa da kwano, yarinyar da nake aika sayen magi ce ta sa shi ya tashi.

Da robar ta ƙare bai faɗo ba, saukowa ya yi yana zagaye. Sai a zagayen ƙarshe ya daki jerin buhunan ya maƙale.

Ma'u ta ce, "Minti nawa?"

Ya ce, "Wallahi ban duba ba."

"Kai Yaya! Aiki ɗaya aka ba ka!"

Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin watan.

Muna fitowa hadarin da ya daɗe yana alkawari ya sauko, muka fake a bakin ƙofa. A nan ta ce akwai abu biyu. Buhunan nan sun ci mata wuri, idan ta ƙara murɗa robar zagayen zai faɗaɗa, kullum a kansu zai ƙare. Sannan abokan rukuninta biyu da Madam ya kamata su zo su gani kafin gasa, ranar Laraba da rana da ba makaranta. Tana gama faɗa sai ta tuna. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran a layin nan yake da shago.

Ta ce, "A'a, bar shi ma, Yaya. Ni kaɗai na isa. Zan ce musu sito cike yake."

Na ga yadda maganar ta shige shi. Ƙaryarsa ce a bakin ƙanwarsa, ta ɗauka za ta riƙe masa. Da ruwan ya tsagaita ya kulle ƙofa muka koma gida.

Gasar dai ban je ba, Sadiya tana zazzaɓin haƙori. Na biyu suka zo, wasu yara maza suka fi su da abin da Ma'u ta rantse bai kai tsawon atishawa ba. Yanzu tana koyar da kimiyya a Tibati, ta ce ɗalibanta a waya suke kallon yadda ake yi, katakon ma a aiko musu a yanke. Sito kuma Allah ya mayar da shi, sannu a hankali, shekara uku aka yi.

Ranar Larabar ce ta fi zauna mini. Da azahar ya aiko a ce mu zo, har da Madam da yaran. Muka iso kasuwa tana ci, layin cike da 'yan dako da masu amalanke. Na hango ƙofar sito a wangale, duka ɓangare biyu. Maigidana ya tuɓe babbar riga, yana fitowa da buhu ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, yana jefa su gefe kamar matashin kai. Buhun da ƙato biyu suke ɗagawa da nishi. 'Yan dako sun tsaya suna kallo. Wani ya yi dariya, wani ya harare shi. Ni na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Maƙwabcin sitonsa wani dattijo ne Bafulatani, Baffa Hamadu, abokin mahaifinsu. Ya taso da sandarsa, ya taɓa buhu ɗaya da ita, buntu ya zubo. Ya zo bakin ƙofa ya leƙa, ya ga fili har bango, ga 'yan mata uku da malamarsu a durƙushe a kan kwalin taliya.

Ya gaishe shi da Fillanci, ya ce, "Jam na, ɗana? Ashe babu komai a ciki?"

Maigidana ya jefar da buhun ƙarshe, ya share gumi da bayan hannu.

Ya ce, "Akwai, Baffa. Jirgin sama na ajiye. In za ka gani shigo, amma ka ja ƙofar, kana shigo mana da iska."

Tsohon ya dube shi ya daɗe. Sannan ya cire takalmansa, ya shiga, ya ja ƙofar da kansa.